Ba a Faɗi wa Baba Santsi

Darakta ya ɗauko wani ƙato don ya faɗi a madadin Baba Santsi.

Wani tsohon fim na soyayya da barkwanci za a yi wa kashi na biyu. Su uku suka yi shi da ƙuruciyarsu. Kyakkyawan saurayin da ya samu yarinyar shi ne Daraktan yau, ya yi tumbi, daga kujera yake ba da umarni. Yarinyar ta yi suna, har gobe Amarya ake ce mata, ga ta da jikoki. Na ukun shi ne manemin da aka ƙi. Ya hau matakalar gidansu da fure a hannu, ya zame, ya gangaro har ƙasa, ya miƙe furen bai karye ba. Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, ya koma Santsi. Duk fim ɗin da aka kira shi bayan nan, faɗuwa aka ce ya yi, ya kuwa yi ta da kyau. Bai taɓa jin kunyarta ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tun da aka aiko masa, ya jawo katifa tsakiyar ɗaki, kullum bayan karin kumallo yana gwaji. Kafaɗa ke fara taɓa ƙasa, hannun fure a sama. Matarsa tana shafa masa man zafi tana mita, wai sa'o'insa na neman sanda shi yana neman karaya. Ya ce mata ta shafa da ƙarfi, ta rage baki.

Ranar ɗauka ya tarar da matakalar katako an yi mata fenti, fitilu sun kewaye ta, ga ƙaton sanye da kwat irin tasa, an barbaɗa masa hoda a ka ta zama furfura. Aka ce a gwada. Ƙaton ya hau, ya zame, ya gangaro. Faɗuwar ba ta da laifi. Masu fitila suka tuntsire da dariya, har mai kyamara. Dariyar nan Baba Santsi ya san ta, tasa ce, yau ga ta a hannun wani.

Darakta ya taso ya dafa shi. Ya ce abotar shekaru ce ta sa, ba raini ba. Ba ya so a fita da shi ranga-ranga a kan katako. Fuskarsa kawai ake buƙata. Ya kwanta a gindin matakala, a ɗauka, a haɗa da faɗuwar ƙaton, ba mai ganewa.

Amarya ta matso tana gyara mayafi.

"Yaya, ka tuna ƙugunka. Mu ma nan lallaɓawa muke yi."

"Ke an ɗauko wata ta yi miki murmushin?"



Baba Santsi ya miƙa wa ƙaton hannu, ƙaton ya dubi Darakta, sannan ya ba shi furen. Tsohon ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa, gwiwa na ƙara, bai tsaya ba sai da ya kai sama. Ya gyara kwat, ya ɗaga furen daidai ƙirji.

Darakta ya ce ya sauko, don Allah, ya kwanta kamar yadda aka tsara.

"Ba zan kwanta ba," in ji Baba Santsi. "Ba wanda zai faɗi mini."