Bututun Gidan Mai Walda

Ashana ɗaya ta ƙyasta ta kai bakin bututun, wuta ta yi fuf ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi ba toka. Ruwan saman da aka yi da asuba ne ya kashe ta. Mai Wanki ta ɗora babbar tukunya, ta juye mata bokitin ruwa, ta jawo ƙunshin zannuwan gadon otal ɗin da take yi wa wanki. Daga ɗakin ciki muryar surukarta ta fito a shaƙe.

"'Yar nan, kin kunna?"

"Na kunna, Inna."

"Yawwa. Bari kaina ya sake ni."

Wanda bai san unguwarmu ba zai ce shirga ƙarya muke yi, amma mu ƙasa ce ke ba mu wuta. Juji ne a da, na gari sukutum. Da ya cika aka zuba masa jar ƙasa, aka bi da katafila, aka yanka filaye aka sayar wa irinmu da ba mu da halin saye a wani wuri. Ba wanda ya gaya mana sharar tana nan a ƙarƙashi tana ruɓewa, tana fitar da gas. Mijin Mai Wanki, wanda kowa ke kira Mai Walda, shi ya gano, ranar da tartsatsi ya faɗa wata tsaga a ƙasa ta kama ci. Ya kafa bututun ƙarfe a tsakar gidansa, maƙwabta suka gani suka ce su ma a yi musu. Mai gawayin bakin titi har yau ba ya amsa gaisuwarsa.

Inna mahaifiyar Mai Walda ce. Ƙafafu sun daina ɗaukarta, don haka a kan katifa take wuni take kwana, a ƙasa, a ɗakin da daɓensa ya tsattsage saboda ƙasar unguwar kullum lotsawa take yi. Bakinta kuwa lafiya lau. Ita ke cewa ɗanta ya auro mace mai hannun maza, ita kuma ke ɓoye wa matar ƙashi mai tsoka a ƙarƙashin murfi. Mai Wanki na son tsohuwar nan, so na gaske, ba na ganin ido ba.

Ta kuma daɗe da lura da abu ɗaya. In wutar bututu na ci, Inna garau take, tana tsokanar jikoki. In wutar ta mutu, sai ciwon kai da barcin da ba na lafiya ba. Ba ta san dalili ba, ta dai san ba a barin wutar nan ta mutu, dare da rana.

* * *

Wani kamfani ne ya zo mana da allo mai hoton koren ganye. Suka kafa doguwar hasumiyar ƙarfe a ƙarshen unguwa, suka binne manyan bututai, suka ajiye injin da zai zuƙo gas ɗin ya kai shi can sama a ƙone. Injiniyansu, wanda yara suka laƙaba wa Hular Kwano, ya tara mu a ƙofar gidan Mai Walda ya yi mana bayani. A gaskiya mutumin ya iya magana.

Ya ce sunan gas ɗin metan. In ya tashi sama ba a ƙone shi ba, riƙe zafin rana yake yi kamar bargo, ya ma fi hayaƙin mota riƙewa nesa ba kusa ba. Ya ce zafin nan da ke hana mu barci, da ruwan da ke ƙin zuwa sannan ya zo gaba ɗaya ya rusa katanga, duk da hannunsa a ciki, shi da irinsa da ke tashi daga jujin duniya da gonakin shinkafa da cikin shanu. Aka yi dariya a wajen shanun. Ya ce akwai masu biyan kamfani don ya ƙone shi, kuma suna tafe su ga aiki da idonsu. Saboda haka duk bututun gida za a toshe. Haɗari ne, in ji shi, sannan gas ɗin yanzu na kamfani ne.

Mai Wanki ba mai magana cikin taro ba ce, amma ranar ta yi.

"Ranka ya daɗe, akwai tsohuwa a ɗaki. In wutar nan ta mutu ba ta jin daɗi."

"Injin zai zuƙe komai daga ƙarƙashin gidajenku, Hajiya. Ko ɗigo ba zai rage ba."

Ina jin ya yarda da abin da ya faɗa. Sai dai mu da muke kwana a wurin mun riga mun ga yadda hasumiyar ke aiki. Injin mai yake sha, man kuwa ba ya samuwa sai in baƙi za su zo. Har sunanta ya zama Fitilar Baƙi, mata in sun ga ta kama su ce yau akwai manyan motoci.

Aikin toshewar Mai Walda aka ba wa, tunda shi ya san inda kowane bututu yake. Matarsa ta roƙe shi ya bar nasu, ko da a kifa masa baho ne in baƙin sun zo. Ya ce da wane ido zai kalli maƙwabta in ya toshe na kowa ya bar nasa? Ya ce kamfani ya yi alkawari gaban jama'a, kuma rabonsa da aiki mai kauri irin wannan an daɗe. Nasu ya fara toshewa, ya ɗura masa siminti, ya ɗaure masa murfi tamau. Inna na jiyo su daga ɗaki tana cewa a bar yaro ya yi aikinsa, ita ba jaririya ba ce.

* * *

Baƙin suka zo, suka ɗauki hoton wutar hasumiya, suka sha ruwan roba, suka tafi. Injin ya ci gaba da ruri na ɗan lokaci, kuma a ba shi haƙƙinsa, a kwanakin nan Inna lafiyarta ƙalau. Mai Wanki har ta ji kunyar maganar da ta yi a taro. Sai wata safiya muka tashi unguwa tsit. Mai gadin hasumiyar ya ce mai ne ya ƙare, wani yana hanya.

Wari ya fara tashi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Mu kuwa abu ɗaya muka sani game da wari. Tun zuwanmu unguwar, daga sabon jujin tsallaken titi iska ke kwaso shi, maganinsa kuma a rufe taga, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Haka kowa ke yi, haka muka koya wa 'ya'yanmu. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wannan karon daga ƙarƙashinmu yake fitowa.

Ranar Mai Wanki dole ta fita. Babu wuta a gida, otal kuwa ba ya karɓar zanen da bai ga ruwan zafi ba, sai ta shirya ta je ta yi wankin a can. Yara sun tafi makaranta, maigidan yana shago. Ta ajiye wa Inna ruwa da abinci a inda hannunta zai kai, ta tsaya a bakin ƙofa tana jin zuciyarta ba ta kwanta ba.

"Inna, ko in fito da ke inuwa?"

"Cikin wannan zafin da ƙudaje? Ja min tagar nan, warin na tayar min da zuciya. Ki sa tsumman da kyau."

Ta sa shi da kyau. Har da na biyu ta ƙara a inda ƙofar ta ɗan ɗage.

Da la'asar ta dawo, hannuwanta sun yi fari saboda sabulu. Ta yi sallama ba a amsa ba. Inna na kwance ta gefe kamar mai barci, abincin ba a taɓa ba. Da ta durƙusa ta taɓa ta, sai ita ma ta ji ɗakin yana juya mata, numfashinta ya ƙi cika. A rarrafe ta jawo tsohuwar zuwa tsakar gida tana kiran maƙwabta. Jikin ya riga ya yi sanyi.

A asibiti aka ce tsufa ne da zafin gari, bana ya kwashe tsofaffi da yawa. Ba wanda ya yi musu.

* * *

Ana buƙatar ruwan ɗumi na wankan gawa, gidan kuwa ko ƙwayar gawayi babu. Wata maƙwabciya ta miƙe za ta ɗebo nata, Mai Walda ya ce ta zauna. Ya ɗauko zarto ya durƙusa gaban bututun, ya shiga yanka a ƙasan inda simintin ya tsaya, a hankali, matarsa na tsiyaya masa ruwa a kan ƙarfen don kada ya yi tartsatsi. Ba su kalli juna ba.

Da ƙarfen ya faɗi, iskar ta fito da huci. Mai Wanki ta jira ta lafa, ta ce mutane su ja baya, ta ƙyasta ashana. Wutar ta tashi har ta wuce kan katanga, abin da ba ta taɓa yi ba, kafin ta sauko ta daidaita. Can ƙarshen unguwa hasumiyar na tsaye ba wuta, tsuntsaye sun jeru a bakinta.

Ta ɗora babbar tukunyar, ta juye ruwa. Sannan ta juya wajen ɗakin ciki, inda tsumman ke nan yashe a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Na kunna, Inna."