Ranar da Mota Ta Shiga Kalgo

Wanzami na wasa aska a zaure, mata na tuƙin tuwon suna, sai Goggo Hajjo ta ɗaga asabari da jikanta a hannu.

"Ga Maimota, ba shi ya sha."

Ruƙayyatu ta karɓi ɗanta ta ɗaure fuska. "Goggo, ba a raɗa masa suna ba tukuna."

"Liman ya raɗa wanda yake so, gari ya riga ya raɗa wanga," in ji surukar. "Ranar cika-ciki aka haife shi, ranar da motar Bature ta fara shiga Kalgo. Ko kajina sun san ranar."

Ruƙayyatu ma ta san ta. Tana durƙushe kan naƙuda aka jiyo ruri daga bakin kasuwa, matan gidan suka watse kallo, har ungozoma. Ita kaɗai ta haihu, tana cije da gefen zane. Kafin la'asar ɗan aike ya iso daga Gwandu: mahaifinta Malam Siddiƙu, wanda ya zaunar da ita cikin ɗalibansa maza har ta sauke, ya rasu da hantsi. Tun daga ranar, duk mai zuwa barka sai ta yi ta'aziyya a gurguje, ta koma labarin ƙafafun mota.

Ta miƙe, ta lulluɓa, ta nufi dangar da ke bayan zaure. Masu tuƙi suka saki muciya.

"Ke mai jego! Ina kunyar ɗan fari?"

"Allah gafarta malam," ta ce da liman ta bayan danga. "Ba ƙarfen Bature kaɗai ya wuce ranar nan ba. A sa masa sunan mahaifina."

Mijinta Lukuman ya sunkuyar da kai yana ta gyaran hula. Can liman ya yi gyaran murya, aka shafa fatiha, maroƙi ya sanar: yaro ya ci suna Siddiƙu.

Ta dawo ɗaki kai a sama. Hajjo na zaune bakin gado tana murmushi.

"Kin ci gari, malama. To, kira shi mu ji."

Ruƙayyatu ta buɗe baki. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan uba. Ko gaban alƙali ba za ta iya furta shi ba. Mata suka cika ƙofa suna jira, wata na toshe baki da zane.

Ta gyara jaririn a cinya, ta share masa goshi da babban yatsa.

"Malam," ta ce, "tashi ka sha."