Mai Ban Ruwa a Kwarin Fitila

Ni ce na sa aka rufe wa mahaifina asusunsa na wasa. Gara in faɗa tun daga farko, don in na bari sai tsakiyar labari, zan fara neman hanyar wanke kaina, kuma na san halina, na iya wannan.

Sunan wasan Kwarin Fitila, a intanet ake yin sa, shekara shida ina cikinsa. Kowa yana da gida da 'yar gona a bakin layi, kuma komai da lu'ulu'u ake saye, wato kuɗin cikin wasan. Mai gaggawa sai ya sa katin banki ya saya da dala. Wanda ba ya so sai ya nema da guminsa: ya kama kifi ya kai kasuwa, ko ya raka baƙi su tsallake fadama, ko ya zana kaya ya sayar. Ni huluna nake zanawa, da riguna masu kauri irin waɗanda muke sawa a nan garin Duluth mai sanyi, har masu kula da wasan suka ba ni tambarin amintacciyar mai sana'a, wanda ake liƙawa a saman rumfa. Ina ji da tambarin nan fiye da yadda nake ji da aikina na kantin magani. Can ƙasan duk sana'o'in kuma akwai ban ruwa. Ka shiga gonar wani ka zuba wa shuka ruwa, wasan ya ba ka lu'ulu'u ɗaya. Ɗaya tak. Ko sabon shiga ba ya wuce kwana uku yana wannan wahala.

Shi ya sa wani mai suna Zagaye14 ya tsaya mini a rai. Kullum ƙarfe bakwai saura ashirin na safe, ina riƙe da kofin kofi kafin in fita aiki, sai ga shi a ƙofar gonata. Kayan jikinsa na kyauta ne, irin wanda ake ba kowa ranar farko. Ba sallama, ba magana. Ya bi gidajen hannun dama ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, ya juyo ya bi na hagu, ba ya tsallake ko ɗaya. In ya zo kwana sai ya bugi katanga, ya ja da baya, ya sake bugunta, sannan ya wuce. Sau biyu na rubuta masa gaisuwa, bai ce uffan ba.

Duk wanda ya daɗe a wasan ya san ma'anar wannan. Akwai ɓata-gari da suke haɗa na'ura su sake ta a cikin wasa ta yi ta aiki ita kaɗai, su tara lu'ulu'u su sayar a bayan fage, farashin kayanmu ya faɗi. Alamunta ba su canzawa: lokaci ɗaya, hanya ɗaya, baki a rufe. Ni kuwa a ganina babu wanda ya kai ni gane su.

Sai na ɗauki hotonsa mai motsi yana dukan katangata, na sa masa kiɗan barkwanci, na tura a zauren hirar 'yan kasuwarmu. Tamsin, ƙawata mai rumfar kifi kusa da tawa, ta ce ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. “Ke Corinne, ba ki da dama,” ta rubuto. “Wanda ya haɗa wannan na'ura ai a gwanjo ya samo ta.” Hoton ya zaga ko'ina. Mutane suka riƙa zuwa layinmu da sassafe don kallo, wasu har suna tsaya masa a hanya su ga yadda zai yi ta ture su. Ni na fara kai ƙara wurin masu wasan, mutum sittin da wani abu suka biyo bayana. Ranar Alhamis aka rufe shi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har na ba da rangwame a kan huluna.

Ranar Lahadi na je garin Two Harbors wurin Baba. Tafiyar rabin awa ce a bakin tabki, amma sai in yi wata ban je ba, kullum ina ɗora wa ƙanƙara laifi. Sunansa Arvid Halvorsen, shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kama masa hannun dama shekara biyu da suka wuce. Na tarar da shi a kicin, kyafaffen kifin da yake so yana gabansa bai taɓa ba, kwamfutarsa ta hannu kuma a kife kan tebur. Odalys, ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa masa hannu, tana haɗa kayanta za ta tafi, ranta a ɓace. Ita ta gaya mini cewa kwana uku ke nan ya ƙi yin atisaye.

Na tambaye shi lafiya. Sai ya ce, “Sun kore ni daga wasan nan naku. Wai ni ba mutum ba ne.”

Ban ma san yana wasa ba. Odalys ce ta ba ni labari tana ɗaure igiyar takalmi. Ita ta ba shi shawara ya nemi abin da zai sa yatsun hagunsa su saba da aiki, shi kuma ya ɗauko wata tsohuwar ambulan da ya rubuta sunan wasan da sunana na ciki a bayanta. Ashe ranar Kirsimetin da na nuna masa gidana a waya, ina ganin kamar gyangyaɗi yake, yana saurare. Ta ce ta so ya sa kati ya huta, ya ce shi bai taɓa cin abin da bai yi wa tafiya ba. Ban ruwa ne kaɗai sana'ar da yatsa ɗaya zai iya. Gida arba'in kullum, wata goma, bai yi fashi ba ko ranar da aka kwantar da shi don gwaji. Rubutu kuwa yana ɗaukarsa lokaci har ya ji kunya, shi ya sa ba ya amsa kowa.

Tana magana sunan Zagaye14 ya faɗo mini a rai. Zagaye na goma sha huɗu shi ne unguwar da ya raba wa wasiƙu tun kafin a haife ni. Lambar tana jikin tsohuwar jakarsa da ke rataye a bayan ƙofa, ina ganinta daga inda nake zaune. Tun ina ƙarama na san yadda yake aiki: hannun dama har ƙarshen layi, sannan a juyo, kuma ba a tsallake gida ko da babu wasiƙa sai takardar talla. Wata goma ina kallon tafiyar ubana, ban gane ta ba.

Na tambaye shi me yake tara lu'ulu'un ya yi da su.

“Filin nan da ke jikin gidanki,” ya ce. “Saura kwana tara kuɗin ya cika. Da na so ki tashi da safe kawai ki ga kin yi maƙwabci.”

Da a ce ni mutuniyar kirki ce, da nan take na faɗa. Ban faɗa ba. Na zagi masu wasan, na ce ba su da imani, na ce zan bi masa kadi, na wanke kwanukan da ma a wanke suke, na kama hanya. A mota na yi ta lissafin yadda zan gyara abin ba tare da sunana ya fito ba.

Babu hanya. Ƙa'idar wasan a fili take, kuma ni da kaina na sha yabonta. Wanda aka rufe bisa zargin na'ura sai ya turo hoton hannunsa yana wasa. Wanda ya fara kai ƙara kuma sai ya janye da sunansa a allon sanarwa na dandali, inda kowa ke gani, in yana da tambari a cire na wata shida. Kwana biyu na yi ina juya maganar. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau, fiye da hoton ma. Kuskuren farko ban sani ba, amma kwana biyun nan da sanina na yi su, ina auna ubana da wani ɗan tambari na saman rumfa.

Ranar Laraba na nemi izini a wurin aiki na koma. Na jingina wayata da kwalbar sukari, na ce ya nuna yadda yake yi. Ya kwantar da hannun dama a cinya, ya miƙo manunin hagu, yana jan sa a kan gilashi a hankali. Da ya zo inda ake yin kwana sai yatsan ya zame. Ya dawo da shi, ya sake zamewa. Nan na ga katangata, na ji kiɗan da na sa masa a kunnena. Na kashe wayar.

“Baba, ni ce na kai ƙararka. Ni na fara. Har hotonka na ɗauka na yaɗa, aka yi ta dariya.”

Na so ya yi faɗa, da na samu abin riƙewa. Ya dube ni, ya dubi yatsansa, ya ce, “Ruwan ne ya yi wa shukarki yawa? Da kin faɗa, ai da na rage.”

Na ce ba ruwan ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ce in kunna wayar mu ƙarasa kafin hannun ya gaji.

Na liƙa janyewar a allo da cikakken sunana, na faɗi ko wane ne Zagaye14. Kafin yamma an cire tambarin. A zauren hirarmu kowa ya shiga goge abin da ya rubuta. Tamsin ta kira ni a waya, karo na farko a shekara shida, ta tambaye ni ko Baba yana cin kifin tabki ta aiko masa na gaske.

Bayan kwana goma sha ɗaya da rufewa aka buɗe masa asusun, lu'ulu'unsa suna nan ba a taɓa ba. Filin ne babu. Ɗaya daga cikin masu zuwa kallon na'urar ya ga wurin ya yi masa, ya sa kati ya saye, ya kafa wani dogon bene mai fitilu. Na roƙe shi ya sayar mini, ya ce ba na sayarwa ba ne. Na ce wa Baba zan bar gidana in koma duk inda ya samu fili. Ya ce a'a, gidana yana tsakiyar zagayensa, kada in ɓata masa hanya.

Washegari tun ƙarfe shida da rabi ina tsaye a ƙofar gonata a cikin wasan, na shirya gaisuwa. Bakwai saura ashirin ta yi, bai zo ba. Bakwai ta wuce. Na leƙa farkon layi, sai na hango shi tsaye a ƙofar gida na uku, ba ya motsi, kamar wasan ya tsaya masa. Can sai rubutu ya fito a saman kansa, ya shiga ya zuba ruwa, ya matsa gida na gaba ya sake tsayawa.

Sai takwas da rabi ya iso wurina. Ya tsaya a ƙofa. Na san yana can a kicin, gilashi a kan hanci, yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsan hagu. Minti uku na ƙirga kafin rubutun ya fito.

“ina kwana. ni mutum ne.”

Na rubuta masa cewa na sani, Baba, kowa ya sani yanzu, ba sai ya ƙara faɗa ba. Bai amsa ba, don amsar za ta ci masa wasu minti uku. Ya zuba wa shukata ruwa, ya bugi katanga sau biyu, ya wuce gidan mai bene ya tsaya a ƙofa.

Wata huɗu ke nan, kuma a kowace ƙofa cikin arba'in ɗin sai ya rubuta kafin ya shiga. Zagayen da yake gamawa cikin awa ɗaya yanzu yana kai shi har sha ɗaya na rana.