Tallan Tuwo a Bas ɗin Landan

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce aji uku ba, kuma ni ko a cikin mata ba na iya dogon zance, balle a takarda. Amma Yaya Hajo ta yi ta ba da shi a gidajen suna har ya fara canja kama. Yanzu cewa take yi wai na diro daga saman mota. Ban diro ba. Shi ya sa na ce gara in faɗi yadda aka yi.

Sunana Zuwaira. A Mayil Tu aka haife ni, cikin Diyobu a Fatakwal. Babana ya rasu ina ƙarama. Innata, Delu, tuwo take sayar wa mahauta da 'yan dako a bakin hanya, kuma ita ke kiran ciniki da kanta, domin ni an gwada ni an haƙura. Da ta sauke tukunya sai ta ɗaga murya: "Tuwo don ready o! Mai kwano ya matso!" Duk Mayil Tu an san wannan kira, har yaran Ibo maƙwabtanmu suna kwaikwayonta.

A farkon 1966 Anti Hannatu, wata nas 'yar unguwarmu, ta samu tafiya Landan ƙarin karatu tare da mijinta Malam Gimba. Ta roƙi Inna ta ba ta ni in yi mata raino. Ba mu daɗe da tafiya ba ƙasa ta rikice. Muka ji an kwashe Hausawa daga Fatakwal da Anaca da Inugu, wasu a jirgin ƙasa, wasu ba a san inda suka shiga ba. Shekara ta zagayo aka fara yaƙi. Duk wanda muka tambaya sai ya ce bai ga Inna ba. Ban san tana raye ko ba ta raye ba, kuma da wannan nake kwana nake tashi.

Wata Juma'a Malam Gimba ya dawo da labari. Wai akwai wani Bahaushe mutumin Fatakwal, kuku ne a jirgin ruwa, jirginsu ya tsaya a Landan kuma ranar Lahadi zai tashi. Sunan babana gare shi, Mijinyawa. A takarda na iya rubutawa, amma bakina bai taɓa faɗar sunan nan ba, ko da wasa.

Washegari Anti tana da aiki a asibiti, Malam kuma jarrabawa ta matso, ga yaro. Sai ni zan je in neme shi, in tambayi labarin Inna. Anti ta kai ni inda ake sayar da tikiti, ta sayo wani ɗan kati ta danƙa mini.

"Wannan na yini ne, Zuwaira. Asabar da Lahadi ake sayar da shi, kuma da rangwame. Duk jar bas da kika ga dama ki hau, ki sauka, ki sake hawa, ba ƙarin ko kwabo. Nunawa kawai za ki yi. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Ta kwatanta mini gidan Baba Kallamu, ta ce shi ya san inda kowane Bahaushe yake a garin nan. Bas biyu ne zuwa can.

Ta farko lafiya lau. Na nuna, kwandasta ya gyaɗa kai ya wuce. Amma da ta biyun ta zo sai ƙafata ta ƙi. Na tuna karnukan motar Diyobu, waɗanda in ka ce ka riga ka biya ɗazu sai su tara maka jama'a. Ta yaya zan nuna wa wani mutum daban katin da na riga na ci amfaninsa? In ya ce ni ɓarauniya ce da Turanci, me zan ce masa? Bas ta tsaya, ta gaji da jira, ta tafi. Na bi bayanta da ƙafa, cikin yayyafi, ina duban lambar waɗanda ke wuce ni don kada in ɓace.

Baba Kallamu tsoho ne ɗan Inugu. Kukun wani Baturen haƙar kwal ne da, ya biyo shi Ingila, Baturen ya mutu shi kuma ya zauna. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gida da aiki da sanyi, sannan ya dubi takalmina.

"'Yata, daga ina kika tako haka?"

Na gaya masa. Ya karɓi katin ya juya shi, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Bature ya karɓi kuɗinsa ya ce ki hau har ki gaji, ke kuma kina tausaya masa! Kai, 'yan Fatakwal akwai kirki."

Ya ba ni shayi mai zafi, na faɗa masa wanda nake nema. Ya ce shi bai ga mutumin ba, amma Hajo za ta san masaukinsa, tunda ita ke sayar wa ma'aikatan jirgi yaji da daddawa. Ya kwatanta mini gidanta, sannan ya ɗora kwat a kan babbar riga ya ce, "Bari in taka miki zuwa bakin titi."

Da bas ta zo na ce, "Baba, a koma haka, na gode."

"To, bari dai in ga kin zauna."

Ya hau. Bas ta tashi da shi. Na tsorata, na ce yanzu za a kama tsoho. Sai ya cire hula, ya zaro irin katina daga ciki, ya nuna wa kwandasta kamar mai nuna takardar gado.

"Duk Asabar sai na saya," ya ce. "Da shi nake zumunci. Kuma saman bas ya fi ɗakina ɗumi."

Yaya Hajo 'yar Anaca ce, a kasuwar Ose ta girma wajen babanta mai albasa. Mijinta Ya'u yana karatun akawu. Tun daga matakala muka ji muryarta.

"Baba Kallamu! Yau kuma wace 'yar mutane ka samo? Ke, shigo mana, no be police station. 'Yar wa ce?"

Na faɗa a hankali. Ta ce in ƙara murya. Baba ya faɗa mata a madadina. Da ta ji zancen Inna sai ta riƙe hannuna, sannan ta ce ma'aikatan jirgi a gidan wani Basomale suke sauka, can wajen tashar jiragen ruwa.

"Bari in raka ku bakin titi," ta ce, tana ɗaura ɗankwali.

Na ga ta tura wani abu cikin jaka. Irin katin ne. Baba ya kalle ni ya ƙifta ido.

Haka muka zama mu uku a saman bas, a kujerar gaba. Yaya Hajo ba ta rufe baki ba. Ta ce kogin Landan ko rabin na Anaca bai kai ba. Baba ya ce ai Anaca ba gari ba ce, kasuwa ce da aka yi wa rufi. Ta ce Inugu fa, in ban da baƙin kwal da tudu me ke cikinta? Suka ce in raba gardama. Na ce Fatakwal ta fi. Suka haɗu suka yi mini ca, wai garin da ruwan sama ba ya hutun Juma'a. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Can sai Baba ya ce jiya ya ji a rediyo ana faɗa a kusa da Inugu, ko masallacinsu na Ogui yana nan? Yaya Hajo ta ɓare gyaɗa ta zuba masa a hannu.

Basomalen ya ce e, mutumin a nan ya kwana, amma tun da safe ya ɗauki jakarsa, yau a jirgi zai kwana, kuma ba a barin baƙo ya shiga tashar.

"Ya sayi tikitin yini," in ji shi. "Ya ce asibiti-asibiti zai bi, yana neman wata nas 'yar Fatakwal."

Mutum ba ya ɓata ranar hutunsa yana neman wadda bai sani ba sai in da saƙo. To wane irin saƙo? Na jingina da bango.

"Kul!" in ji Yaya Hajo. "Kada ki fara mana kuka a ƙofar Basomale. Shi yana da tikiti, mu ma muna da shi. Mu ga wanda zai gaji."

Muka shiga bin asibitoci. A wani wuri mai gadi ya ce bai gan shi ba. A wani aka ce yanzun nan ya fita, da mun zo da wuri kaɗan. Muna hawa muna sauka, har wani kwandasta baƙin mutum ɗan Jamaika ya gane mu, ya tambayi Baba ko mun sayi bas ɗin ne. Yaya Hajo ta ba shi gyaɗa. Ni dai har lokacin in zan nuna katina sai na sunkuyar da kai. Baba ya yi azahar da la'asar a wani lambu, a kan jarida, mu kuma muna tsare masa takalma.

Da rana ta yi sanyi Baba ya ce, "'Yata, asibitocin garin nan sun fi ƙarfinmu. Mu kai ki gida. Abin da Allah ya rubuta ba ya wucewa."

Na ce su koma, na gode, zan iya. Baba ya ce ba a barin 'ya mace a rabin hanya a ƙasar mutane. Yaya Hajo ta ce in Baba ya raka ni, wa zai rako Baba? Dole ta bi. Suna wannan gardama bas ɗinmu ta zo ta wuce. Sai Baba ya ce mu hau ta bayanta, ta fi zagaye amma tana bi ta gada, in ga babban agogon nan ko raina ya yi sanyi, tunda ba ƙarin kuɗi.

Ban kalli agogo ba. Ina zaune a jikin taga ina kallon ƙasa. Mun sauko daga gada ke nan, motoci suka cushe, bas ta rage gudu a gaban wani babban asibiti. A ɗaya hannun titin mutane na layin bas. A cikinsu akwai wani baƙin mutum mai hular sanyi, da jaka a kafaɗa, ya rungume wani ƙunshi. Zanen ƙunshin ruwan ɗorawa ne mai zanen tsuntsaye, gefensa ɗaya ya ƙone. Zanen Inna ne, ni na ƙona shi da kaina, ranar da na matsa kusa da murhu.

Na miƙe. Ga bas ɗinsa ta taho. Na san sunansa, amma sunan babana ne, bakina ba zai faɗe shi ba. Yaya Hajo da Baba suna can suna musu a kan agogo. Na murɗa tagar ta sauko kaɗan, na sa bakina a wurin.

"Tuwo don ready o! Mai kwano ya matso!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Duk saman bas ɗin aka waiwayo. Wata tsohuwar Baturiya ta dafe ƙirji. Mutumin kuwa ƙafarsa ɗaya na kan bas, ya sauke ta, ya ɗaga kai yana dube-dube. Na sake yi, har da jan "o" ɗin yadda Inna take yi.

Ta matakala na sauka, Allah ne shaida. Yaya Hajo ce ta kusa faɗuwa.

Ya tsallako titi yana dariya, yana haki. "Wace ce 'yar Delu a nan? Kai, ba sai an faɗa ba, ga goshin nan."

Na durƙusa a kan titi na ce, "Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya sanyi?"

"Malam," in ji Yaya Hajo, "bar sanyi tukuna. Tana raye?"

"Wa, Delu? Ranar da za mu taso sai da ta yi mini faɗa a kan kwanonta da ban mayar ba. Tana Legas, a Apapa, bakin tashar jirgi. Ta kafa tukunya, 'yan dako har layi suke yi."

Ya ce maƙwabciyarmu Mama Ngozi ce ta ɓoye ta a ɗakinta lokacin tashin hankali, daga baya ɗanta ya shigar da ita jirgin kaya zuwa Legas. Takardar da aka rubuta adireshinmu ta baro ta a Diyobu. Abin da ta sani kawai shi ne Landan, da Hannatu nas. Duk wanda ta ji jirginsa zai zo Ingila sai ta ba shi saƙo, shi ne na farko da ya yarda ya ɗauko ƙunshi.

Na zauna a bakin titi na buɗe. Kuka ce, da kuɓewa busasshiya, da daddawa. Na sa fuskata a cikin zanen. Yaya Hajo ta ce yanzu kam in yi kukana, ta ba ni izini. Baba Kallamu ya juya baya yana gyaran hula, ya daɗe yana gyara ta.

Daga nan aka tashi sabuwar gardama. Baban jirgi ya ce dole ya raka ni ya ga gida, don ya kwatanta wa Inna. Baba Kallamu ya ce to shi zai rako shi tasha. Yaya Hajo ta ce ita ba a barin ta a baya. Mu huɗu muka hau, kowa ya zaro katinsa. Da Anti Hannatu ta buɗe ƙofa ta gan mu jere, sai ta ce, "Zuwaira, mutum ɗaya na aike ki nema."

Washegari da sassafe na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kukar Inna, na zuba a kwano uku. Na naɗe rigar sanyina mai kauri da hoton da muka ɗauka da yaron Anti, na rubuta adireshinmu da hannuna a bayan hoton. Na je na sayi tikitin yini ni kaɗai. Na fara ta gidan Baba Kallamu, na bi ta na Yaya Hajo, kowa na ajiye masa kwanonsa a bakin ƙofa na gudu kafin a ce za a taka mini. Sannan na hau bas ta uku zuwa ƙofar tashar jirgi, inda Baban jirgi ya ce zai jira ni. Da kwandasta ya zo, na ɗaga masa katin sama na ce masa gud monin.