Tuwon Inna Tala

Basira ta riga ta ɗora ƙafa ɗaya a kan amalanken maƙwabcinsu Jibo sa'ad da ta ji muryar surukarta a bayanta.

"Ku dakata. Yau da ni za a tahi awon nan."

Inna Tala ce, uwar mijinta, ta fito da mayafinta na zuwa suna tana ɗaure bakin zane. Basira ta waiwayi mijin nata, Tahiru, da ke tsaye a ƙofar gida da hauya a kafaɗa. Gogan naka sai a lokacin ya tuna takalminsa na bukatar gyara, ya duƙa bai sake ɗagowa ba har jaki ya ja.

Babu wani awo, don babu cikin da za a auna. Bara aka yi wa Basira aiki a Maradi, aka ciro ɗa ba rai, likita ya ce mahaifar ta yage an ɗinke, in ta sake ɗauka kafin shekara uku to ranta ne a kai. Ita da Tahiru suka shirya a ɓoye ta riƙa karɓar allurar hutun haihuwa a asibitin garin Sae Sabuwa, da sunan awon ciki. Inna kam ba a faɗa mata ba, don ta sha faɗa a tsakar gida cewa macen da ta miƙa hannu ga wannan allura ta ƙi kyautar Allah, kuma ba za su ci tukunya ɗaya ba.

Sai allurar ta zo da nata. Al'ada ta ɗauke, kumatu suka ciko, riguna suka matse, ga wata irin yunwa da ba ta jin rarrashi, ta ci yanzu, kafin ta wanke hannu cikin ya sake kira. Kuma a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, gidan sau ɗaya ake tuƙa tuwo. Kowa na ramewa Basira na cikowa. Inna ta kalla, ta kalla, ta yanke hukunci ita kaɗai: jika ne ke tafe. Ta hana ta gona, ta hana ta daka, kullum da yamma ta turo mata rabin tuwonta ta ce ita ta ƙoshi. Basira ta san ƙarya ce, tana ganin yadda ƙasusuwan wuyan tsohuwar ke fitowa. Takan yi niyyar mayarwa, sai ta ga hannunta ya riga ya kai baki. Kunyar abin na cin ta, amma yunwar ta fi kunyar ƙarfi.

Ta yi wa Tahiru magana ba sau ɗaya ba. Amsarsa ɗaya ce: "Ki bari sai an yi kaka."

A asibiti Allah ya taimake ta, ungozoma Madam Nazira ba ta barin 'yan rakiya su shiga. Inna ta zauna a benci cikin masu ciki, tun Basira ba ta rufe ƙofa ba ta ji ta fara ba su labarin jikanta.

Madam ta ɗora ta a sikeli, ta dubi takardarta. "Kin ƙaru sosai."

"Madam, mi aka sawa cikin allurar ga? Ko na ci, kamar ban ci ba."

"Sinadari ne irin wanda jikin mace ke yi in tana da ciki. Shi ka hana ki ɗauka. Wasu matan ba ya yi musu komi, wasu kuma ya buɗe musu ciki, su yi ta ci. Ba haɗama ba ce, Basira, jininki ne ka kiran abincin."

"Babu wata hanyar da ba ta sa haka?"

"Akwai wata roba da ake sawa cikin mahaifa. Amma da irin aikin da anka yi miki, sai likitan Maradi ya duba ki tukuna."

Maradi. Da wane dalili za ta je, kuma wa zai hana Inna bin ta? In ma an sa mata robar, ƙibar ta zube, tsohuwa za ta ce ɓari ne, ta yi kukan jika na biyu. In ta bar allurar, ta san abin da likita ya faɗa. In ta ci gaba, tuwon Inna za ta ci gaba da ci. Ta juya abin ta ko'ina, ba ta ga ƙofa ba.

"Tsohuwar da ke waje ta ɗauka ciki ne," ta ce a hankali.

Madam ta ajiye takardar. "Ni ba ni faɗa mata, ba ni kuma yi mata ƙarya. Wannan naki ne. A yi ko a bari?"

Basira ta naɗe hannun riga, ta kau da kai.

Da ta fito, Inna ta miƙe da ƙyar tana dafa bango. "Mi sunka ce?"

Maganar ta zo har bakin Basira. Ta dubi idanun nan da suka zurma suna ƙyalli da murna, sai ta kasa.

"Sun ce in dawo bayan wata uku."

"Alhamdulillahi. Lokacin an yanke gero, ba ki rasa abin ci." Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙosai a takarda, da zafinsa. Kuɗin goronta ne ta saya da shi. "Ungo, ba ki sa komi a baki ba tun sahe."

"Inna, ke ma ba ki ci ba."

"Ni mi zan yi da shi? Ci, ku biyu ne."

Basira ta karɓa. A kan amalanke ta juya wa tsohuwar baya, tana ci hawaye na zuba a kan takardar. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ƙosan ya yi mata daɗi, kuma da ya ƙare ba ta ƙoshi ba.