Kayan Mutane a Shagon Maigidana

Maigidana mai gyaran kayan wuta ne, Allah ya jiƙansa. Fanka, dutsen guga, rediyo, duk abin da ake jonawa a bango in ya mutu shi ake kawo wa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kanta a jikin bango, da teburin da ƙarfen lida ya ƙona har ya yi baƙi. Tun ina amarya nake masa faɗa a kan dattin shagon nan. Ƙura a kan kowace fanka, yanar gizo-gizo a tsakanin wayoyi. In na ɗauko tsumma sai ya riƙe min hannu.

"Bar ta, uwargida. Ƙurar nan ma'aikaciyata ce, kuma ba ta karɓar albashi."

Sai in ce masa ragwanci ne ya samu suna mai daɗi. Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Bai taɓa faɗa min dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Ciwon da ya kwantar da shi bai ja shi da nisa ba, ya rasu. Da na samu ƙarfin fita, abin da ya fara zuwa raina kayan mutane ne. Duk abin da ke kan kantar nan amana ce. Wasu ya gyara ba a zo ɗauka ba, wasu bai kai gare su ba. Na ce ba zai kwanta da kayan kowa a wuyansa ba, sai na mayar wa kowa nasa. Kuma zaman da na yi kusa da shi ya sa na iya ƙananan gyara, irin su canja waya da fulogi. Da su na yi niyyar ciyar da yara.

Na buɗe shago, na share, na wanke. Na goge fankoki ɗaya bayan ɗaya ina kuka, na jera su manya a baya ƙanana a gaba. Duwatsun guga na yi musu layi, na naɗe wa kowanne wayarsa. Har na tsaya a bakin ƙofa ina cewa a raina, da ma ya ga yadda wurin ya yi kyau.

Ina tsaye sai ga mai haraji, wani dogo da jaka a hammata. Ya leƙa ciki ya yi murmushi.

"Madalla, Hajiya. Kasuwa ta buɗe ke nan. Haja ta cika kanta."

"Ba haja ba ce, ranka ya daɗe. Kayan gyara ne na mutane."

"Kowa haka yake cewa. Na san shagon mai gyara, kamar bola yake. Wannan kuwa shagon mai sayar da kayan wuta ne."

Ya ce haka doka take tun da can. Masu ƙananan sana'a da ba sa rubuta abin da suke samu, da ido ake kimanta musu haraji. Shi kuma idonsa ya ga dila mai sayar da kaya.

Na ce, "Mai shagon ya rasu. Ko sisi bai shigo nan ba tun da ya kwanta."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi, yana rubutu. "Amma ai shago bai rasu ba."

Wallahi da namiji ne ni da ranar an raba mu. Harajin abin da ka samu ake cewa, to me na samu? Gaisuwar mutuwa?

Bayan ya tafi sai ga mai aski, maƙwabcinmu. Ya ga kanta tana ƙyalli, ya dafe kai.

"Innalillahi! Matar yaya, wa ya aike ki? Ƙurar nan ita ce shaidarsa cewa kayan ba na sayarwa ba ne. Ni ba ki ga kujera ɗaya ta rage min ba? Ɗayar na ɓoye wa masu haraji ita a gida, matata na tsince wake a kanta. Duk da haka sai da na ƙara kuɗin aski, yanzu rabin mutanena matansu ke musu da reza. Dubi kawunan unguwar nan, kamar gonar da awaki suka shiga."

Shi yana dariya, ni ko murmushi na kasa.

Na je ofishinsu. Wata mata a bayan gilashi ta saurare ni tana danna waya. Ta ce ina da damar ƙorafi, amma sai na biya tukuna, in an ga da gaskiyata a rage min a baɗi. Na ce da me zan biya? Ta ce, "Na gaba."

Da wa'adin biya da suka ba ni ya cika suka zo suka ɗora kwadonsu a kan nawa, suka shafa jan fenti a ƙofa. Kayan mutane duk suna ciki.

Daga nan masu kaya suka fara sallama a gida. Wanda ya fi ba ni tausayi mai wanki da guga ne, dattijo, babban dutsen gugarsa na ciki.

"'Yata, ba takura miki zan yi ba. Amma haya nake ɗauka na wani, na ɗora kuɗin a kan masu kawo wanki, su kuma sun fara gudu."

Wata mai rediyo kuwa a tsakar gidana, a gaban yarana, ta ce, "Ashe mai gyaran da bashin gwamnati ya tafi. Mu muka san ko ya sayar da kayan ne aka rufe don a rufa asiri?"

Mutumin da ko ƙusa ya tsinta a cikin rediyon wani sai ya ɗaure ta a leda ya ajiye wa mai ita. Shi ake faɗa wa haka, kuma ba shi da bakin ramawa.

Akwatin aikinsa yana ƙarƙashin gado, don kullum da shi yake dawowa gida. Ƙarfen lida, mita, filaya, sukundireba manya da ƙanana, hannun kowanne ya sha gumin tafinsa har ya yi santsi. Na ɗauka na kai wa wani mai gyara a bayan tasha. Ya san ina cikin matsi, ya taya yadda ya so, na sallama. Na haɗa da kuɗin 'yan kunnena na kai wa matar bayan gilashi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ranar da suka cire kwado na aika aka kira kowa. Mai fanka ya ɗauki fankarsa. Mai rediyo na miƙa mata tata, na ce ta kunna a nan gaban mutane. Ta kunna, rediyo ta yi magana, matar ta fita ba ta iya kallon idona ba. Kafin la'asar kanta ta koma wayam. Ba wanda ya ce ko waya ɗaya tasa ta ɓata.

Dattijo mai guga ne ya zo a ƙarshe. Ya karɓi dutsensa yana juya shi.

"Ya samu ya gyara kuwa, 'yata?"

Bai kai gare shi ba. Na duba, waya ce kawai ta tsinke a ciki, aikin da zan yi kafin ya gama gaisawa da mai aski. Na kai hannu kan tebur don in ɗauki sukundireba, babu komai a wurin.

"A'a, Baba," na ce. "Sai dai ka kai bayan tasha."