Tafintar Illa

Madina tana bin gadon da ake turawa da gudu-gudu, jakar Illa rataye a kafaɗarta, fasfonsa a hannunta ya jiƙe da gumi. Ma'aikatan asibitin suna ta jefo mata tambayoyi da Sinanci ba tare da sun waiwayo ba. Shekarunsa nawa? Ya yi amai? Minti nawa ya yi a sume? Tana amsawa tana haki: shekara ashirin da tara, ya yi amai sau ɗaya a mota, suman kuwa ba ta duba agogo ba, ita dai a wajenta ya daɗe.

Illa yana kwance an ɗaure masa wuya da wani farin abu mai tauri, har yanzu da jar rigar wasa a jikinsa, ciyawa ta manne masa a gwiwa. Ya juyo da idanunsa wajenta.

"Malama Madina, an fara wasan?"

"An gama, Illa. Asibiti muke."

"To," ya ce. Ba su kai ƙarshen barandar ba ya sake tambayarta ko an fara wasan, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa tambaya ba.

Aka shige da shi ɗakin hoton kai, aka rufe ƙofa, aka bar ta a kan kujerar ƙarfe.

Madina 'yar Fagge ce ta Kano. Shekara tara ke nan da ta zo birnin Guangzhou na ƙasar Sin karatun Sinanci, ta gama ta zauna tana yi wa 'yan kasuwar Afirka da ke unguwar Xiaobei tafinta. Bara wani kulob na wasan zari-ruga da ke unguwar Tianhe ya ɗauke ta aiki, kuma da sunan kulob ɗin aka sabunta mata takardar zama. Wasa ne da ba kowa ya damu da shi ba a garin. Ran da aka cika, 'yan kallo ba sa wuce ɗari biyu, yawancinsu matan 'yan wasa da abokansu. Sai manajan kulob ɗin, Mista Liang, ya kawo shawarar a ɗauko taurari daga wasu wasannin, su zo da masoyansu. Ya ɗauko wani ɗan tsere, ya ɗauko wani dogo daga ƙwallon kwando. Daga nan ya ga bidiyon kokawar Nijar, ya ga fili maƙil da jama'a suna ihun sunan mutum ɗaya, Illa, ya tuna dubban 'yan Afirka da ke Xiaobei. Madina ce ta buga wayar farko zuwa Tawa, garinsu Illa a Nijar. Ita ta karanta wa Illa takardar yarjejeniya layi-layi, ita kuma ta tarbo shi a filin jirgi mako shida da suka wuce.

Yau aka ga abin da Mista Liang yake nema. Tun azahar jirgin ƙasa yake ta zubo mutane: Kanawa masu sarin atamfa da wayoyi, 'yan zangon Gana, 'yan Nijar har da mai ganga. Sama da mutum dubu uku. Ba su san dokar wasan ba, amma da Illa ya cafki wani ƙato ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, filin ya ɗauka kamar zai tsage. Ya kayar da na biyu. Na ukun ya taho a guje da ƙwallo a hammata, Illa ya sunkuya ya tare shi gaba da gaba yadda ya saba a fagen kokawa, gwiwar mutumin ta same shi a gefen kai. Mai ganga ya ci gaba da kiɗa na ɗan lokaci, yana zaton zai tashi.

Abin da ke cin Madina a kan kujerar shi ne maganar koci. Kullum a wajen atisaye yakan ce kai ya bi gefen ƙugun abokin karawa, kada ya shiga gaban gwiwa. Ita take fassarawa. Ta yi ta ƙoƙarin tuna ainihin kalmomin da ta yi amfani da su. Ta ce "gefe"? Ko cewa ta yi "ka kama shi ta ƙugu" ta yi shiru? Ta kasa tunawa. Wayarta tana ta karkarwa a cikin jaka, mutanen Xiaobei suna neman labari, ba ta ɗaga ko ɗaya ba.

Sai bayan la'asar aka mayar da shi wani ɗaki mai gado biyu, aka cire masa abin wuyan. Likitar, wata mace mai gajeren gashi da furfura, ta kira Madina baranda. Mista Liang ya iso a lokacin, rigarsa ta manne da bayansa, ya tsaya kusa da su yana saurare.

Likitar ta ce wuya lafiya, kuma hoto bai nuna jini a cikin kai ba. Amma ƙwaƙwalwar ta girgiza sosai. Zai kwana biyu a nan ana duba shi. Bayan haka, wata guda cur ba gudu, ba karo da kowa, sai an sake gwada shi.

"Idan ya sake samun bugu a kai kafin ya warke," ta ce, tana kallon Madina ido cikin ido, "yana iya faɗuwa bai tashi ba. Ki gaya masa haka da yarensa, yadda zai gane."

Tana tafiya Mista Liang ya matso. Ba mugun mutum ba ne; shi ya sa aka nemo wa Illa mai dafa abincin halal, shi ya saya masa rigar sanyi. Ya rage murya.

"Madina, Asabar mai zuwa masu ɗaukar nauyin kulob za su zo da kansu. Saboda abin da suka gani yau za su zo. In babu shi a fili, mutanenku ba za su zo ba, kuma kulob ɗin nan ba zai kai baɗi ba. Minti goma kawai. Mu sa shi can gefe inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba, ya ɗaga hannu, mu fitar da shi."

"Ka ji abin da likita ta ce."

"Likitoci kullum haka suke faɗa. Ki ce masa ya ɗan bugu, ya huta kwana uku. Ba ƙarya ba ce." Ya share goshinsa. "Mu duka a kulob ɗin nan muke ci. Har da ke."

Bai ambaci takardar zamanta ba. Ba sai ya ambata ba.

Suka shiga tare. Illa ya ɗan dawo hayyacinsa, ya jingina da matashi, manyan hannayensa a kan bargo. Ya gane su duka biyu, har ya yi wa manajan murmushi ya ce, "Lawban," wato maigida, kalmar Sinancin da ya fara koya.

Madina ta ja kujera ta zauna. Ta faɗa masa maganar likita kaf, ba ta rage komai ba, har da cewa yana iya faɗuwa bai tashi ba. Sannan ta faɗa masa abin da manaja yake so.

Illa ya ɗaga ido ya kalli silin.

"Mutane sun gan ni kwance?"

"Sun gani."

"An ɗauka a waya?"

"Na tabbata an ɗauka."

"To ya kai Tawa ke nan." Ya lumshe ido. "Malama, shekara huɗu ba wanda ya kai ni ƙasa a gida. In na koma yanzu, da mi zan koma? A ce ya tafi ƙasar Sin an ɗauko shi a makara tun wasan farko? Ki ce ma Lawban zan shiga."

"Illa, don girman Allah."

"Ki faɗa mai. Aikinki ne."

Mista Liang yana kallon bakinta. Shekara da shekaru Madina tana tsakanin mutane biyu da ba sa jin juna, an zagi wani ta bakinta, an yi ciniki, an yi rantsuwa, ba ta taɓa sauya maganar kowa ba. Ta juya ta ce da Sinanci, "Ya ce ba zai buga ba sai likita ta yarda."

Manajan ya dube ta, ya dubi Illa. Illa kuwa yana gyaɗa masa kai yana dunƙule hannu, alamar a shirye yake.

"Abin da ya ce ke nan?"

"Shi ya ce."

Mista Liang ya zura hannu a aljihu ya fito da wayarsa. Madina ta san abin da zai yi, don kowane mai shago a kasuwar Shisanhang da manhajar fassara ta waya yake ciniki da baƙi. Ya latsa, ya zaɓi Faransanci, don ya san Illa yana ɗan ji, ya yi magana a ciki. Muryar mace ta fito daga wayar tana tambayar Illa ko zai buga ranar Asabar. Ya miƙa wayar dab da bakinsa.

Madina ta sunkuyar da kai. Ta ga kanta a filin jirgi da akwati biyu. Ta ga Illa kwance a kan ciyawa karo na biyu. Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro.

Illa ya ɗago kai. Ya dubi wayar, ya dubi Madina, kuma daga yadda ya dube ta ta san ya gane abin da ta yi. Ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka a kan tasa wayar da ke kan teburin gefen gado. Saƙo ne ya shigo, fuskar ta haska, hoton wata yarinya 'yar shekara uku da kitso biyu ya bayyana tana dariya. Ya zuba wa hoton ido. Goshinsa ya tattare. Leɓensa ya motsa sau biyu, ba abin da ya fito.

Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, da Faransancinsa na kasuwa. Wayar ta rubuta da Sinanci, Madina ta hango rubutun daga inda take: Wannan ɗiyata ce. Ban san sunanta ba.

Mista Liang ya karanta. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya kashe wayar ya mayar aljihu. Ya gyara wa Illa bargo a ƙafa, abin da ba ya buƙatar gyara. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

"Ki zo ofis ranar Litinin," ya ce wa Madina, ya fita.

Illa ya sake duban hoton yarinyar.

"Malama, sunan zai dawo mani?"

"Likita ta ce yakan dawo in an huta. Bari in kira ta in gaya mata."

"Tsaya tukuna." Ya tura mata wayarsa. "Kira mani Balkissa, uwar ɗiyar. Amma kar ki ce mata komi. Tana da ciki. Ki yi dabara kawai ta faɗi sunan."

Madina ta nemo lambar. A Tawa yanzu hantsi ne. Ta sa a lasifika. Aka ɗauka a bugu na biyu.

"Illa! Wai mi ya faru? An turo mani wani bidiyo, tun ɗazu nake kira!"

"Balkissa, Madina ce, tafintarsa. Ga shi nan kusa da ni, yana hutawa, yanzu zai yi miki magana." Ta saki muryarta kamar mai hirar biki. "Ina ƙawata mai kitso biyu? Kullum sai ya nuna mini hotonta. Kira mini ita mu gaisa tukuna."

Aka ji ajiyar zuciya, sannan muryar Balkissa ta yi nesa da wayar, tana ƙwala kira cikin tsakar gida.

"Najiba! Ke Najiba! Zo ga Babanki!"

Illa ya rufe ido. Ya maimaita sunan a hankali, ya sake maimaitawa, sannan ya miƙo hannu ya karɓi wayar.